Tsohon Soja Ma Yana Bukatar Addu'armu

Kowace shekara a ranar 2 ga Nuwamba Ikkilisiya takan tara mu domin mu yi addu'a saboda dukan masu bi da suka riga mu barci. A cikinsu akwai tsofaffin sojojinmu: kakanninmu da suka ƙetare teku zuwa Bama tsakanin 1943 da 1945, da iyayenmu da suka ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Da suka ajiye bindiga, waɗansu suka kama aikin reluwe, waɗansu haƙar kuza a Jos, waɗansu gadi ko noma. Da guminsu suka biya mana kuɗin makaranta. Yaya ya kamata mu tuna da su?

Littafin Makabiyawa na Biyu, sura 12, ya nuna mana hanya. Bayan yaƙi, Yahuza da mutanensa suka je kwasar gawawwakin 'yan'uwansu, sai suka tarar da layun gumaka a ƙarƙashin rigunan waɗanda suka mutu, abin da Shari'a ta hana. Yahuza bai ɓoye laifin ba, bai kuwa yashe su ba. Ya tara kuɗin azurfa wajen dubu 2, ya aika Urushalima a miƙa hadaya domin zunubinsu, gama yana sa zuciya ga tashin matattu.

Mu kuwa, a wurin jana'iza mun iya yabo. Mukan ce marigayi jarumi ne, ma'aikaci mai aminci, uba nagari, kuma gaskiya ne. Amma mutumin da ya ga jini a fagen fama yakan komo gida da nauyin da bai taɓa faɗa wa ko matarsa ba. Yabo ba ya sauke wannan kaya, jinƙan Allah kaɗai ke sauke shi. Saboda haka Ikkilisiya take koya mana cewa addu'armu, da sadakarmu, musamman kuwa hadayar Misa, suna taimakon rayukan da ake tsarkakewa kafin su ga fuskar Allah.

Sai mu binciki kanmu. Mun yanka saniya ranar biso, amma mun roƙi Fada ya yi Misa dominsa? Matar da ya bari, wa ke raka ta neman haƙƙin mijinta? Gonar da ya saya da kuɗin sallama, ta haɗa 'ya'yansa ko ta raba su? Tsofaffin da suka rage da rai kuma, kada mu jira ranar 15 ga Janairu, sa'ad da ƙasa take tunawa da sojojinta, kafin mu gaishe su. Mu kai musu abinci, mu saurare su, mu kira Fada ya kawo musu Jikin Kristi.

Ubangiji ya gafarta wa matattunmu, ya karɓe su cikin salamarsa. Amin.