Ragowar Kafso a Jakar Mama

Sa'ad da sarki Hezekiya ya kwanta ciwo har bakin mutuwa, ya yi kuka ga Ubangiji, aka kuwa ji addu'arsa. Duk da haka annabi Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka manna a kan marurun (2 Sarakuna 20:7). Allah ne ya warkar, amma ta wurin magani ya yi, bisa ga umarni kuma.

Wata Lahadi bayan sujada a Nyanya, na ga wata uwa ta buɗe jaka ta ba maƙwabciyarta kafso huɗu na Ampiclox, ragowar na mijinta, domin yaron da ke mura. Ƙauna ce ta sa ta, ban musa ba. Sai dai irin wannan magani ba ya taɓa ƙwayar da ke kawo mura. Maigidan kuwa, da ya ji sauƙi a kwana na biyu ya ajiye sauran, bai kashe ƙwayoyin cutarsa duka ba. Masu taurin ne suka rage, su ne za su hayayyafa su bi gida gida. Ran da ciwo na gaske ya zo, a sha maganin nan kamar an sha ruwa.

Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun 1945. Ba mu ji ba. Binciken da mujallar Lancet ta buga ya nuna cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cuta da suka daina jin magani. A nan Abuja hukumar NCDC ta fitar da shirin ƙasa na yaƙi da matsalar a 2017, amma shirin gwamnati ba ya shiga jakar mama.

Mukan yi wa'azin wakilci a kan zakka da baiko, mu manta cewa magani ma amana ce da 'ya'yanmu za su gada. Na sani kuɗin gwaji yana da nauyi, kemis kuma yana kusa. To, a nan ne Ikkilisiya za ta tashi. Zumuntar Mata da dattawa masu ziyarar marasa lafiya, in kun gama addu'a ku tambaya: wa ya rubuta maganin, na kwana nawa ne, an shanye? In kuɗin ganin likita ne ya gagara, a buɗe asusun taimako na majami'a a biya.