Hukuncin Sayen Zanen Yankan 'Yar Tsana Ta Intanet Da Ɗinka Ta Don Yara

Tambaya

Allah ya gafarta Malam, ni tela ce a garin Sheme, ƙaramar hukumar Faskari. Ina ɗinkin mata da na yara a cikin gida, da yamma kuma ina taimakawa a ajin ƙanana na wata Islamiyya. Ƙanena da ke karatu a Zariya ya nuna mini a waya wasu mata a ƙasashen waje masu sayar da zanen yankan 'yar tsana, irin wadda ake zura hannu a cikinta a motsa bakinta. In an biya sai su turo fayil, a buga a takarda, a ɗora a kan ƙyalle a yanka. Ya saya mini da katin bankinsa, na ɗinka guda huɗu da ragowar atamfa: yarinya mai hijabi, tsoho, akuya da zakara. Yara sun so su ƙwarai, har iyaye sun fara cewa in ɗinka musu su saya. Sai wata 'yar'uwa ta ce mutum-mutumi nake yi, mala'iku ba za su shiga gidana ba. Tun ranar ban sake taɓa su ba. Shin ɗinkin ya halatta, kuɗinsa kuma halal ne? Sayen abin da ba a riƙe shi a hannu ciniki ne ingantacce? Na kuma tura fayil ɗin a zauren WhatsApp na teloli mata na Sheme da Yankara da Ƙanƙara don su ma su amfana, ina fatan babu laifi.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Malama, abin da ya hana ki barci yana da sauƙi. Wanda kika ambata a ƙarshe kamar a wucewa, shi ne mai buƙatar gyara. Bari mu bi su yadda kika jero.

'Yar'uwar da ta yi miki magana ba da ka ta yi ba. Hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim sun yi kashedi mai tsanani ga masu surantawa, sun kuma nuna mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura. Wani mai sana'ar zane ya taɓa zuwa wurin Abdullahi ɗan Abbas ya ce da wannan yake ci, shi kuma ya nuna masa ya koma zanen itatuwa da abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya sun taƙaita haramcin a kan sura ta abu mai rai, mai jiki har ta yi inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko a ƙyalle bai kai haram ba a wurinsu. Da a nan maganar ta tsaya, da 'yar tsana ta shiga cikin hanin, domin tana da jiki tana da inuwa.

Sai dai Sunnar da ta yi hanin ita ce ta fitar da kayan wasan yara. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙawayenta kan ɓuya in ya shigo, shi kuwa ya riƙa tura mata su su ci gaba da wasansu. Wannan yana cikin Bukhari da Muslim. Abu Dawuda ya ruwaito cewa da ya dawo daga Tabuka ko Khaibara, iska ta ɗaga labulen ma'ajinta, ya ga 'yan tsanarta, a tsakiyarsu da wani doki na ƙyallaye mai fukafukai biyu. Ya tambaye ta yaya aka yi doki ya yi fukafukai, ta kafa masa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya har turamen haƙoransa suka bayyana. Ki lura da kyau, na ƙyalle ne, irin aikinki, kuma dabba ce, irin akuyarki. Ɗakin kuwa shi ne ɗakin da wahayi ke sauka a cikinsa. Maganar mala'iku ke nan ta warware.

Akwai kuma labarin Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu: a ranar Ashura sukan sa ƙananan yaransu azumi, su yi musu abin wasa da ulu, in yaro ya fara kukan yunwa a miƙa masa har rana ta faɗi. Ba ta ware mata daga maza ba, kuma abin wasan don horar da yaro a kan ibada aka yi shi. Ban ga abin da ya fi wannan kusa da ajinki na Islamiyya ba.

Da irin waɗannan ne Alƙali Iyal, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 544 bayan Hijira, ya yanke cewa 'yan tsana an togace su daga hanin, Ibnu Hajar kuma ya kawo a Fathul Bari cewa mafi yawan malamai a kan haka suke, har sun halatta sayar da su domin 'yan mata su saba da reno tun suna ƙanana. Malaman Malikiyya na baya sun tafi a kan wannan togaciya a sharhohin Mukhtasar, a babin walima. Mawardi ya kawo a Ahkamus Sultaniyya cewa lokacin da aka ba Abu Sa'id al-Istakhri hisbar Bagadaza a zamanin halifa Muƙtadir, ya bar kasuwar 'yan tsana tana ci, yana kafa hujja da wasan Nana A'isha. Mu ma nan ƙasar, kakanninmu mata sun yi 'yar tsana ta kara da ta ƙashi, sun yi mata kitso sun yi mata biki, a gidajen malamai da na sarauta, ba a ɗauke shi saɓo ba.

Ba zan ɓoye miki saɓani ba. Wasu, irin su Ibnul Jauzi, sun ce an shafe wannan rangwame da hanin da ya zo daga baya. Hujjar tana da rauni, domin Khaibara a shekara ta 7 aka yi ta, Tabuka a ta 9, ƙarshen zamanin Annabi ke nan. An kuma ruwaito daga Imamu Malik cewa bai so sayensu ba, amma an fassara wannan da cewa bai ga ya dace dattijo mai mutunci ya mai da shi sana'a ba, ba wasan ya hana ba. Cikin malaman zamani, Shehu Ibnu Usaimin bai ga laifin ta ƙyalle da auduga marar cikakkun siffofi ba, ya dai nuna ɗari-ɗari da ta roba mai kama da mutum sak. Taki ta atamfa ce, idonta maɓalli, bakinta zare. In kin bar hanci ko kunne don fita daga saɓani, kin kyauta. In ba ki bari ba, ban ce kin yi laifi ba.

Saboda haka ɗinkin halal ne, sayarwa halal ce, kuɗin kuma ki ci da zuciya ɗaya. Rangwamen dai don yara aka yi shi, yana tafiya tare da dalilinsa. 'Yar tsanar da ke hannun yaro, yana ja yana jifa, ko wadda malama ke koyar da ladubban cin abinci da ita, tana ciki. Wadda za a jera a ɗakin amarya ko a falo don ado ta fita, ta koma hukuncin asali, kada ki karɓi irin wannan aiki. Kada kuma a ɗinka sura a ce Annabi wane ne, ko sahabi, ko mala'ika. Sannan duk abin da bakin ƙyallen nan ya furta, a littafinki za a rubuta. Giba da muryar zakara giba ce. Ina ƙara jan hankalinki a kan abu ɗaya saboda halin da yankinku ke ciki: kada ki ɗinka ɗan tsana da hula ko sanda ta wata ƙabila ki mai da shi ɓarawon labari. Yaran Faskari da Sabuwa sun ga abin da ya ishe su, kada a ƙara musu ƙiyayya a makarantar da suka zo neman tarbiyya.

Batun ciniki ba shi da tsawo. Abin da kika saya amfani ne sananne, amfani kuwa dukiya ce a wurin Malikiyya da mafi yawan malamai, shi ya sa ake biyan hayar gida da ladan mai koyarwa. Rashin ganin kaya kafin biya bai ɓata ciniki ba in an siffanta shi yadda ya kamata. Imamu Malik ya halatta a Muwaɗɗa a sayi dilar tufafi a ɗaure bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki, in an buɗe aka tarar daidai, ciniki ya zauna. Mai zanen ta nuna hoton abin da zai fito, ta faɗi girmansa da yawan shafuka, garari ya kau. In aka turo abin da ya saɓa wa siffar, kina da damar neman kuɗinki. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta tabbatar da ingancin ƙulla ciniki ta na'urorin sadarwa na zamani. Ƙanenki wakilinki ne, ki ba shi abin da banki ya cire masa, matuƙar katin na kuɗinsa ne ba na bashi mai ruwa ba. Takardar da kika buga kuwa ba ta ma kai sura ba: hannu daban, kunne daban, ƙeya daban.

Yanzu ga zauren WhatsApp. Niyyarki kyakkyawa ce, amma kyauta da kayan wani ba sadaka ba ce. Matar da ta yi zanen nan ta zauna ta auna, ta yanka ta ɓata, ta sake, har bakin akuya ya riƙa buɗewa daidai da yatsu huɗu da babban yatsa. Ke tela ce, kin san yadda wuyan riga ɗaya ke cinye yini. Abincinta ke nan. Ta sayar miki da izinin ki yi aiki da shi, ba ta sayar miki da izinin rabawa ba, hadisin Abu Dawuda da Tirmizi kuma ya nuna Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka ɗauka. Majalisar Fiƙihun da na ambata, a zamanta na Kuwait a Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ne da Shari'a ke karewa, bai halatta a keta shi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ma ta hana. Na san akwai malaman da suka ce wanda ya sayi littafi ya mallake shi, ya yi yadda ya so, kuma ilimi ba a killace shi. Ina girmama su, amma ɓoye ilimin da aka yi wa narko shi ne na addini da mutane ke buƙata, ba awon kunnen akuya ba. Ko a wurinsu ma, cika sharaɗin da aka amince da shi wajibi ne.

Na sha jin ana cewa ai Baturiya ce, ba Musulma ba, ba za ta ma sani ba. Ranar Hijira, Manzon Allah ya bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali garin ne ya ƙulla kashe shi. Rashin saninta kuwa bai sauya komai ba, Wanda zai tambaye ki ya sani.

Tunda ba ki san hukuncin ba, ina fatan babu zunubi a kanki, sai dai haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da rashin sani. Ki goge fayil ɗin daga zauren, ki gaya wa 'yan'uwanki telolin gaskiyar magana ba tare da jin kunya ba. Wadda ta riga ta yi aiki da shi ta sayi nata, ko ku sa ƙanenki ya rubuta wa mai shi ya gaya mata abin da ya faru, ya nemi yafiya, ya tambaye ta nawa za ta karɓa ta ba ku izini gaba ɗaya. In ta yafe, shi ke nan. Akwai kuma zanuka da masu su suka bayar kyauta don kowa, waɗannan ku raba yadda kuke so.

Kafin ki sayar da ko guda, ƙanenki ya karanta miki sharuɗɗan da ke shafin farko ko na ƙarshe na fayil ɗin. Masu sayarwa a kasuwannin intanet irin su Etsy kala biyu ne: wasu sun yarda a ɗinka da hannu a sayar, wasu sun ce don amfanin gida kawai. In taki ta biyun ce, ki yi wa ajinki da 'ya'yanki, na sayarwa kuwa ki nemi izini ko ki zana naki. Dabarar da hannunki ya koya, yadda ake haɗa baki da yadda ake cusa auduga a kai, ta zama taki, babu mai karɓe ta. Abin da aka hana shi ne ki kwafi zanenta layi bisa layi ki ce naki ne. Ina ma ganin in kin zana tsoho da babbar riga da rawani, ko yarinya da tallan fura a ka, yaran Sheme za su fi gane su a kan na Turai.

Ajiye kwafi don kanki babu laifi, har ma ina ba ki shawarar hakan. Ba a manta 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da maƙwabtansu na tsawon watanni. Ki buga, ki manna a kwali ki yanke, ya daɗe yana yi miki aiki, masu taimaka miki ma su yanka da shi a ƙarƙashinki. In kin kai bugawa Funtuwa, ki ce a fitar da shi a ainihin girmansa kada a rage, in ba haka ba hannun babba ba zai shiga ba. In an gama kuma ki tsaya a kan yaron shagon bugawar har ya goge fayil ɗin daga kwamfutarsu kafin ki fito.

Allah ne mafi sani.