Kuɗin Sauyin Yanayi: Sadaka ko Diyya?

Daga Sakajiki zuwa Shinkafi da Zurmi, kowa ya san hukuncin ɓarna. Idan shanu suka afka wa gona, mai gari da dattawa ke zuwa su kimanta asarar, mai shanu ya biya. Ba a yi masa godiyar mai sadaka, kuma ba shi ke yanke abin da zai bayar ba.

Da wannan mudu ya kamata mu auna shugabancin da manyan ƙasashe ke taƙama da shi kan kuɗin sauyin yanayi. Hayaƙin da Afirka gaba ɗaya ke fitarwa bai wuce kashi 4 cikin 100 na duniya ba, amma mu ne damina ke yi wa wasa da hankali: yau fari bayan shuka, gobe ambaliya.

A taron Kofanhagen na 2009, ƙasashe masu arziki sun yi alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. Sun ce sai a 2022 suka cika, kuma kaso mai yawa rance ne. A Baku, a 2024, aka ɗaga adadin zuwa biliyan 300 nan da 2035, ƙasashe matalauta suka tashi suna ƙorafi. Wato mai ɓarna shi ya yanke farashi, shi ya sa ranar biya, sannan ya ranta wa mai gona kuɗin gyara. Ana iya cewa, ai ba don su ba da ko sisi ba a samu ba, kuma mai neman taimako ba ya gindaya sharaɗi. Haka ne, idan taimako ne. A ganinmu hakki ne, kuma biyan hakki bai mai da kowa shugaba ba. Shugaba shi ne wanda ya yarda a yi masa hisabi.

Sai dai wannan mudun bai bar namu shugabannin ba. Zamfara na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Bishiyoyi ya shafa, kuma tana cikin shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a 2021. Wannan ma bashi ne, da sunanmu aka ci, 'ya'yanmu za su biya. Wakilin da ya tafi taron duniya ya nuna hamadarmu don a ba shi kuɗi, amanar manomin Ƙauran Namoda ya ɗauko, ko da bai taɓa ganinsa ba.

Ga kuma abin da takardun taro ba su cika faɗa ba: a yankin da 'yan bindiga suka hana mutum zuwa gonarsa, wa zai yi wa dashe ban-ruwa a watan bazara? Muna da 'yancin sanin nawa ya iso ƙaramar hukumarmu, bishiya nawa aka dasa, nawa suka kai damina ta biyu.