Kifin Da Ya Cinye Abokan Zamansa A Falo: Laifin Wa Ke Nan?

Wata tambaya ce na kwaso a falon wata ƙawata, ta hana ni sakat, na ce bari in kawo miki ita mu juya tare.

Maigidanta ne ya dawo daga tafiya da akwatin gilashin nan da ake zuba kifin ado a ciki, wanda 'yan boko ke kira akwariyam. Aka girke shi kusa da talabijin, aka zuba ƙananan kifaye masu launi guda goma sha biyu, sai wani guda ɗaya baƙi-baƙi mai zanen ruwan lemo, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Mai shagon ya ce masa ai duk kifi kifi ne, za su zauna lafiya. Bayan 'yan watanni sai ƙananan suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Aka tuhumi auta, aka tuhumi yarinyar da ke taya ta aiki, har sai da yarinyar ta yi kuka. Rannan da asuba ƙawata ta kunna fitila, sai ga wutsiyar ɗaya na leƙowa daga bakin baƙin nan.

Ranar da na je ya riga ya gama da su duka, ya kai tsawon tafin hannu. Yaran gidan kuwa sun sami abin kallo. Babban yayansu yakan sayo 'yan kifi masu rai a leda, a jefa ɗaya ciki, a tsaya ana ihu ana tafi har ya cafke. Kakarsu tana gefe tana salati, ta ce, "Wannan kifi azzalumi ne, ku fitar min da shi daga gidan ɗana." To, nan ne tambayar ta faɗo min. Shin shi ne azzalumin?

Bari mu fara sanin ko wane ne shi. Sunansa Oska, asalinsa kogin Amazon da rassansa a Kudancin Amurka. Dangin da ya fito ana ce musu sikilid, kuma kada sunan ya ruɗe ki, domin karfasar da kike soyawa 'yar wannan dangi ce. Dangi ne mai yawan gaske, tafkin Malawi kaɗai yana da ɗaruruwan iri da ba a samun su ko'ina a duniya sai can. Wasunsu gansakuka suke kankara a jikin dutse, wasu kuwa mafarauta ne. Alamar Oska ita ce ɗigon baƙi a gindin wutsiya da zoben ruwan lemo ya kewaye, kamar ido. A shekararsa ta farko yakan ƙara kusan inci ɗaya duk wata, ya kai santimita 30 ko ya ɗan wuce, kuma idan an kula da shi yana wuce shekara 10 a raye. Kin ga wanda aka saya kamar ɗan yatsa zai iya ganin yaye da shiga sakandaren yaro guda.

Ko ba ki san sunan kifi ba, bakinsa zai gaya miki sana'arsa. Mai cin tsiro bakinsa ƙarami ne. Mafarauci kuwa bakinsa faffaɗa ne, sau da yawa muƙamuƙin ƙasa ya ɗan zarce na sama, yana miƙa bakin gaba ya zuƙe abin da ya nufa tare da ruwa. Masu wannan kiwo suna da ƙa'ida guda mai sauƙi: duk kifin da zai shiga bakinsa, to abincinsa ne, yau ko gobe. Mu ma a nan muna da irinsa a kogin Kwara da Binuwai, wani ɗan'uwan karfasa mai tabo baƙi guda biyar a jere a gefensa, wanda wasu masu kiwo ke sakawa a kududdufin karfasa da gangan don ya rage yawan 'ya'yanta. Kuma duk wadda ta taɓa kiwon tarwaɗa a bayan gida ta san dalilin da ya sa ake tsame manya daga cikin ƙanana.

Akwai wani a tafkin Malawi da labarinsa ya fi ba ni mamaki. Masana suna kiransa Nimbochromis livingstonii. Jikinsa dabbare-dabbare ne kamar na kifin da ya fara ruɓa. Sai ya je ya kwanta a gefensa kan yashi, ya yi lamo kamar mushe. Ƙananan kifaye su matso don su ɗan tsattsaga, shi ke nan ya zabura ya haɗiye na kusa. Da mutum ne ya yi haka da mun ce mayaudari ne. Amma wa ya koya masa? Haka Allah ya halicce shi, da wannan launi, da wannan dabara, kuma nan aka ajiye masa arzikinsa. Shaho ba ya zunubi don ya ɗauki ɗan tsako. Zalunci sai ga wanda aka ba hankali da zaɓi, ya ga hanya biyu ya ɗauki mummunar. Don haka, da dukkan girmamawa ga Hajiya Kaka, ni ban ga laifin Oska ba.

To idan ba nasa ba ne, babu laifin kowa ke nan? Nan ne nake so ki tsaya. A cikin kogi ƙaramin kifi yana da ciyawar da zai shige, yana da saiwar itace, yana da faɗin ruwan da zai ruga. Mafarauci yakan kai hari ya kuskure, ya haƙura. A cikin gilashi mai tsawon kamu biyu fa? Bango huɗu, ba lungu, ba mafita. Wannan ba farauta ba ce kuma, hannun mutum ne ya ɗauko mai ci da wanda za a ci ya kulle su ɗaki ɗaya. Kifayen nan goma sha biyu ba Oska ya kawo su falon ba.

Ajiye dabba a gida don sha'awa ba abin ƙi ba ne. Mun karanta cewa ƙanen Anas bin Malik, wato Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, har Manzon Allah (SAW) ya rarrashe shi da ya mutu, kuma daga nan malamai suka fahimci halaccin ajiye tsuntsu muddin ana ba shi haƙƙinsa. Amma mun kuma karanta a Buhari da Muslim labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa. Abin lura a nan shi ne tsarewar. Kyanwar da ke yawo a unguwa ba a wuyanki take ba. Ranar da kika rufe ƙofa a kanta, cinta da shanta da lafiyarta sun dawo kanki. Kifi kuwa ya fi kyanwa rauni, don ba ya kuka ki ji.

Ƙawata ta kawo hujjar da na san ke ma za ki kawo. Ta ce, "Haba 'yar'uwa, mu da muke yanka kaza, muke soya kifi kullum? Kuma shi ai nama ne abincinsa, ko so kike ya mutu?" Maganarta tana da nauyi, ban raina ta ba. Da a ce Oska ba ya rayuwa sai da mai rai, da sai mu ce larura ce. Sai dai ba haka abin yake ba. Yana cin abincin kifi na ƙwaya-ƙwaya da ake sayarwa, yana cin tana da fara da jatan lande, yana cin yankakken kifin da ya riga ya mutu. Hasali ma 'yan kifin leda cutarwa suke yi masa: su ne ke shigo da cuta cikin ruwan, kuma jan kifin adon nan da aka fi jefa masa yana ɗauke da wani sinadari da ke lalata bitamin B1 a jikin wanda ya yawaita cinsa. Idan larurar ta faɗi, me ya rage? Kallo da tafi. Mu kuwa ko a yankan da aka halatta mana an umarce mu da mu wasa wuƙa mu hutar da dabba, yana nan cikin Arba'una Hadisin da muka haddace a Islamiyya. Ni abin da ya fi tsaya min a rai fuskar autan ce, ɗan shekara biyar, yana tsalle yana murna ƙaramin kifi na karo da gilashi yana neman hanya.

Shi kansa Oskan yana da haƙƙin da ake danne masa, ko da ƙoshi yake. Guda ɗaya tak yana bukatar akwatin da ke cin lita 280 ko kusa da haka, tsawonsa ƙafa huɗu, wato jarka mai lita 25 guda goma sha ɗaya da ɗoriya. Duk mako sai an kwashe kamar rubu'in ruwan an zuba sabo, jarka uku ke nan, kuma idan na famfo ne sai an kashe sinadarin kulorin da ke ciki. Kifi mai cin nama kashinsa yawa gare shi, kashin nan yana zama guba a ruwa, abin da ke karya gubar kuwa wasu ƙwayoyin halitta ne da ke zaune cikin na'urar tace ruwa, su kuma sai ruwa na gudana suke rayuwa. Idan aka ɗauke wuta kwana biyu fa? Ga hunturu, shi kuma ruwan da yake so mai ɗumi ne, tsakanin digiri 24 zuwa 28. Idan ruwa ya daɗe da datti yakan kamu da wata cuta da ke huda masa ramuka a kai. Kuma kada mu yaudari kanmu, maigida ne ke sayowa, amma a yawancin gidaje uwargida ce ake bari da jarka. Shi ya sa nake ganin kina da bakin magana tun kafin a saya: mene ne sunansa, ina girmansa zai tsaya, me yake ci, da wa zai iya zama? Idan mai shago ya ce "duk kifi ne", a bar masa kayansa.

Da Hajiya Kaka ta matsa, sai babban yaron ya ce to a kai shi dam a sake shi, ai sadaka ce. Wannan ma tausayi ne da ke iya zama ɓarna. A ƙasar Panama, wajen 1967, wani sikilid mafarauci da aka kawo daga Kudancin Amurka ya kuɓuce daga tafkin kiwo ya shiga ruwan da ke zuba a tafkin Gatun. Cikin 'yan shekaru yawancin ƙananan kifayen da aka saba gani a inda ya mamaye suka ɓace. Shi kansa Oska ya daɗe da zama ɗan gari a ruwayen Fulorida ta Amurka, inda ba a halicce shi ba. Ruwanmu kuwa mai ɗumi ne irin wanda yake so, kuma akwai masuntan da ke ci da iyalinsu daga dam ɗin nan.

A ƙarshe dai ƙawata ta hana shigo da 'yan kifin leda, ta kira yarinyar nan mai taya ta aiki ta ba ta haƙuri a gaban yara. Oska ya yi kwana huɗu yana fushi, ya kwanta a ƙasan akwati ya ƙi kallon ƙwayoyin abincin, a na biyar ya ci. Yanzu da ya hango ta ta shigo falo sai ya taso saman ruwa yana kaɗa jiki, don irinsu suna gane mai ba su abinci. Babban akwatin kuwa har yau maigida bai sayo ba, ya ce sai ƙarshen wata. Kifin ya kusa kai tsawon da juyawa ma za ta yi masa wuya a wanda yake ciki.