Amana da Lambar Sirri

Masu aikin tsaron intanet suna da wata magana da suke yawan maimaitawa, wai ɗan'adam shi ne kafar da ɓarawo ya fi samun sauƙin shiga. Kevin Mitnick, wanda ya yi zaman kurkuku a Amurka saboda kutse kafin ya koma mai ba kamfanoni shawara, ya rubuta littafi sukutum a 2002 don nuna cewa yaudarar mutum ta fi fasa na'ura arha. Ban musa ba. Abin da ke damuna shi ne hukuncin da ke ɓoye a cikin maganar: idan aka kwashe wa mutum kuɗi, laifinsa ne, don me ya yarda da wani? Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma ina ganin wannan hukunci ya yi mana daɗi da yawa, mu masu gina tsarin.

A duba yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ke shayar da shinkafa da alkama da tumatir. A Kwanar Gafan ana loda kwandunan tumatir zuwa Legas, sau da yawa kuɗin sai an sayar a can ya dawo. Dillali ne tsakani, kuma maganar baki ce takardar. Da aka sauya fasalin naira, tsabar kuɗi ta ɓace a farkon 2023, daidai lokacin kakar tumatir. Mutanen da ba su taɓa damuwa da banki ba suka koma tiransifa da POS, ba don sha'awa ba, don tumatir ba ya jiran gobe.

To, wane ne ke latsa wayar? Dattijon da ya yi karatun allo, yana karanta ajami amma ba ya karanta boko, ɗansa yake miƙa wa. Matar aure mai sana'ar shinkafa a cikin gida yaro take aika wa mai POS da katinta, lambar sirrin na bakinsa. Mu kuma muna aika musu saƙo da Turanci cewa kada su faɗa wa kowa lambarsu. Wannan umarni ne da ba zai yiwu su bi ba, sai dai su bar kasuwa. Dokar da aka san ba za ta biyu ba, amfaninta ɗaya ne: ranar da aka yi asara, a ce ai mun faɗa maka.

A nan ne kimiyyar zamantakewa ke shigowa aikin mai nazarin tsaro, kuma ba ado ba ce. Yana zaune gaban kwamfuta a Legas ko Abuja, sai ya ga waya ɗaya tana buɗe asusu shida. A karatunsa wannan alamar damfara ce, sai ya rufe. Alhali mai yiwuwa saurayi ne guda da ya gama sakandare yake yi wa dattawan gidansu hidima, ga mota cike da kaya tana jira. Ɗan damfara na gaske kuwa ya kira waya, ya yi sallama, ya tambayi iyali da ruwa a gona, ya ce daga ofishin tallafin taki yake, a karanto masa lambar BVN da lambar da za ta shigo yanzu. Na'ura ba za ta ga aibu ba, tunda mai asusun ne ya bayar da bakinsa. Ɓarawon ya san lokacin shuka, ya san nauyin da mutanenmu ke ji wajen ce wa mai ladabi a'a. Wato ya yi karatun jama'ar da injiniyan bai yi ba.

Abner Cohen ya yi bincike a Sabon Ibadan, ya wallafa a 1969, kan yadda fataken Hausawa ke sayar wa mahauta shanu bashi ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba. Abin da ya gano shi ne yardar ba ta ka ba ce. Akwai maigida da ke tsaya wa ciniki, akwai dillalan da suka san halin kowane mahauci, kuma wanda ya ci amana labarinsa ya riga shi isa kasuwa. Tsaro ne cikakke, da mutane aka gina shi. Abin da waya ta yi shi ne ta kawo baƙo har cikin aljihu, ba maigida, ba wanda ya san gidan ubansa.

Ba ina cewa duk wanda aka amince masa nagari ne ba. Akwai ɗan da ya cinye kuɗin mahaifinsa a cacar ƙwallo, akwai mai POS da ke haddace lambar mutane. Amma maganin wannan ba koya wa uba zargin ɗansa ba ne. Ayar bashi a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubutu da shaidu tsakanin muminai, ba ta ce su daina yarda da juna ba. Fiƙihu ma ya san wakilci, ya kuma yi masa iyaka. Me zai hana manhajar banki ta san shi? A ba wakili lambarsa daban, mai ƙayyadadden adadi a rana. Kuɗi masu yawa kada su fita sai an kira mai asusu da muryar Hausa ya amsa. Idan sabon asusu ne zai karɓa, a ɗan jinkirta, a sanar da mutum na biyu da shi maigidan ya zaɓa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da wuyar rubutawa. Abin da ya fi wuya shi ne a tura ma'aikaci ya wuni a rumfar mai POS a Kura ranar kasuwa, ya ƙirga mutum nawa ne suka latsa lambarsu da hannunsu.