Fasali Cikin Rabon Ƙwan Haihuwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai halitta cikin mahaifa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, ya ɗan'uwa, wani almajirina, manomin albasa na Aliero, yat tarad da ni Jega bayan la'asar, yac ce: "Malam, shekara 11 ni da iyalina ba haihuwa. Munka tai asibiti Abuja, anka faɗa muna kuɗin da ko gonata ba ta biya. Sa'an nan anka ce in ta yarda a raba ƙwanta biyu, rabi nata, rabi na wata mai hali wadda ba ta da ƙwai, a rage muna kuɗi. Shin wanga ba taimako ba ne?"

Na yi shiru, domin zuciyata ta karkata gare shi.

Ga yadda aikin yake. Ana yi wa mace allurai har ƙwai da yawa su nuna, a ɗebo su, a gama da maniyyin mijinta cikin ɗan kasko, bayan kwana 3 zuwa 5 a mayar cikin mahaifa. Kamar albasa: a yi yayyafi, sa'an nan a yi dashe. Ingila anka fara haihuwa ta wagga hanya, 1978. Muftin Masar, Shaihu Jadul Haƙƙi, ya halatta ta 1980, da sharaɗin iri ya zamo na miji da matarsa, aure yana nan. Malaman fiƙihu da sunka taru Makka 1984 sun yarda kishiya ta ɗauki cikin kishiyarta, amma 1985 sunka janye, don tsoron gamuwar nasaba. Jagoran Iran ya halatta kyautar ƙwai 1999 bisa sharuɗɗa. Malaman Sunna ba su tafi nan ba.

Nic ce masa: ɗana, albasa ba ta tambayar uwarta, ɗan Adam yana tambaya. Duba nono. Mazhabar Maliku, ko tsotso guda ya isa ciki ya haramta aure, shi ya sa tsofaffinmu ke riƙe da sunan wadda ta shayar. To, in nono ya ƙulla wanga zumunta, ina ga asalin tsoka da jini? Ɗa zai tashi wani gida bai san uwarsa ba, wata rana ya gamu da ɗiyarka kasuwar Jega, ya nemi aurenta, ba mai sanin ya hana.

Sa'an nan ka auna sunan da anka ba abin. Kyauta ita ce wadda mai ita ke iya hanawa. Wadda talauci ya riƙe wa hannu ba kyauta ta yi ba, ciniki ta yi. Kuma dashe yana kamawa, yana ƙi. In ya kama can, nan ya ƙi, wa ke ɗauke wa iyalinka wanga dare?

Yac ce: "To, Malam, mu haƙura ke nan?" Nan kunya ta kama ni, domin faɗin haramun ba ya da wuya ga mai ɗiya cike da gida. Nic ce: magani da irinku ku biyu halal ne, neman sababi bai ɓata tawakkali. Abin da ya rage kuɗi ne, kuɗi kuwa suna hannunmu. Ya ku fataken Jega, da masu rumbunan albasa na Aliero, da manoman Maiyama, mun iya gudummawar biki. Mu yi ta haihuwa, kada mu bar 'yar'uwarmu ta biya da jikinta. Wanda Allah bai ba, ga riƙo: ya ɗauki maraya, ya kira shi da sunan ubansa. Masu gori kuma su ji tsoron Allah, kalmar juya ita ke tura bayi ga wagga ƙofa.

Kai kuma murid, ka binciki nafsunka: don Allah kake son ɗa, ko don rufe bakin mutane? Annabi Zakariya'u ya roƙa har furfura. Nana A'isha ba ta haifa ba, ga ta uwar muminai.

Allah ya ba marasa ɗiya zuriya ɗayyiba, ya ba mu ikon taimakonsu. Amin. Tammat bi hamdillahi.