Taron Alheri Ma Yana Da Hisabi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da iyalansa da sahabbansa.

Ya 'yan uwa, da zarar an kammala girbi a Gwarzo da Kabo, sai taruka su buɗe: wa'azi, maulidi, saukar karatu, musabaƙa, walima, taron ƙungiyar ci gaban gari. Daga Getso zuwa Kutama, daga Garo zuwa Gude, da wuya mako ya wuce ba a kafa rumfa ba. Wannan alheri ne, Allah Ya ƙara albarka. Amma akwai lissafi guda da kwamitocin taro ba su cika yi ba. Ana ƙirga kuɗin shinkafa da na hayar lasifika, amma ba a ƙirga hayaƙin da taron zai bari a sama.

Duk abin da aka ƙona, fetur ne ko dizal ko itace, yana fitar da iskar kabon. Ita wannan iska tana taruwa a sama ta riƙe zafin rana, kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Daga nan ake samun ƙaruwar zafi da rikicewar damina. Manominmu ya san wannan ko bai san sunansa ba: ruwa ya makara, ko ya ɗauke ana tsakiyar aiki, ko ya zubo gaba ɗaya ya ci gona. A shekarar 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya. Kano kuma tana cikin jihohi 11 na Arewa da hamada take matsowa gare su. Allah (SWT) Ya riga Ya sanar da mu a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarnar da take bayyana a tudu da ruwa tana da alaƙa da aikin hannun mutane, kuma ana ɗanɗana musu sakamakon ne domin su dawo kan hanya.

To, yaya ake auna hayaƙin taro? Ba sai an je jami'a ba. Litar fetur ɗaya tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, litar dizal kusan kilo 2.7, kilo ɗaya na busasshen itace kuwa fiye da kilo ɗaya da rabi. Kada ka yi mamakin hayaƙi ya fi abin da aka ƙona nauyi, ai wuta tana haɗa shi ne da iskar da muke shaƙa.

Bari mu buga misali. Daga Gwarzo zuwa birnin Kano, ta hanyar Rimin Gado, kusan kilomita 70 ne, zuwa da dawowa 140. A ƙaddara mutum 200 za su je wa'azi a birni, mutum huɗu-huɗu a ƙaramar mota, wato mota 50. Idan kowace mota tana yin kilomita 10 da lita ɗaya, za ta sha lita 14. Mota 50 sun sha lita 700 ke nan, hayaƙinsu ya haura kilo 1,600. Yanzu a zuba mutanen nan a bas 12 masu ɗaukar mutum 18, kowace ta sha lita 20. Lita 240 ke nan, kimanin kilo 550. Idan kuma malamin aka gayyato Gwarzo, shi da almajiransa a mota biyu, lita 28 ce kawai, kilo 64. Karatu ɗaya, malami ɗaya, amma dubi tazarar da ke tsakanin 1,600 da 64.

Shi kuwa janareto, a ce yana shan lita 2 a awa, aka kunna shi awa 6, lita 12 ke nan, bai ma kai abin da mota ɗaya ta sha ba. Ka ga ashe mafi yawan hayaƙin taro a kan hanya ake yin sa. Bayan hanya sai girki. Tukwanen da ake ɗorawa a kan duwatsu uku a fili suna cin itace da yawa, rabin wutar kuma iska ce take kwashewa. Itacen nan daga ina? Daga gawo da marke da ɗorawar da iyayenmu suka bari a gonaki.

Na san wani zai ce: Malam, ai Turawa da 'yan Sin ne suka cika sama da hayaƙi, mu me muka yi? Maganarka tana da gaskiya. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba. Hatta taron sauyin yanayi da aka yi a Dubai a 2023, dubban mutane ne suka hau jirage suka je. Sunayen 'yan Najeriya 1,411 suka fito a jerin mahalarta, har gwamnati ta fito ta ce mutum 422 kawai ta ɗauki nauyi. Amma ɗan uwa, ranar hisabi ba za a tambaye ka masana'antun Amurka ba. Tirmizi ya ruwaito cewa cikin abubuwan da za a tambayi bawa akwai dukiyarsa, ta ina ya samo ta kuma a ina ya kashe ta. Lita 700 ɗin nan dukiya ce, musamman tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023. Kuma sau da yawa kuɗin taimako ne da aka tara a masallaci, har da na talakan da ya hana kansa. Wannan amana ce a wuyan kwamiti.

Wani kuma zai ce: ai majalisin ilimi mala'iku suna kewaye shi, yaya za a rage? Babu wanda ya ce a daina taro. Zama gaban malami yana da albarkar da waya ba ta da ita, zumunci ma sai da ƙafa. Abin da ake nema shi ne a raba ibada da almubazzaranci. Suratul A'araf, aya ta 31, ta halatta ci da sha amma ta hana wuce iyaka. Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, ta alaƙanta masu almubazzaranci da shaiɗanu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) cewa Annabi (SAW) da mudu ɗaya na ruwa yake alwala, wato kamar cikin tafin hannu biyu. Idan alwala tana da ma'auni, ina ga jerin gwanon motoci? Mu tambayi zukatanmu: mota 50 ɗin nan don karatu ne, ko don a ce taronmu ya fi nasu cika?

Saboda haka ga shawara ga kwamitoci. Kafin a buga takardar gayyata, a ba mutum ɗaya aikin rubuta abu uku: mota nawa za su zo kuma daga ina, lita nawa janareto zai sha, kayan itace nawa za a ƙona. Bayan taro a karanta wa jama'a tare da lissafin kuɗi, a ajiye, baɗi a nemi a rage. A sa taro inda mafi yawan mutane suke, malam ya zo ya same su. A haɗa mota, kada kujera ta tafi babu kowa. Zaman shirye-shirye na mutum biyar, wanda a kan taso daga Kabo zuwa Kano dominsa, a yi shi ta waya. Na nesa a watsa musu ta rediyo ko Facebook, kamar yadda aka saurari tafsiri a azumin 2020 lokacin korona. A yi taro da rana in zai yiwu, a ɗora lasifika a kan sola. A gina murhu mai tsare wuta, a dafa daidai mutane. Ledar ruwa kuma a tattara, kada a ƙona ta kuma kada a bar wa awaki su haɗiye.

Sannan kowane taro ya bar bishiya. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga dashen Musulmi, sadaka ce gare shi. Taron rani ya yi alƙawari, damina ta faɗi a cika shi: darbejiya ko mangwaro a harabar masallaci da islamiyya, a kewaye da ƙaya, a ɗora wa wasu ɗalibai ban ruwa da sunansu. Dashen da ba shi da mai kula, abincin akuya ne.

Allah Ya karɓi tarukanmu, Ya tsarkake niyyoyinmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ɓarna a bayan ƙasa. Wallahu a'alam.